Kaki ko Silant: Nazarin Yadda Aka Ceto Fentin Wata Baƙar Mota a Kano

Motar da yanayin da take ciki

Motar da ake magana a kanta Toyota Camry ce baƙa wuluk, wadda aka yi amfani da ita a Amurka kafin a shigo da ita Najeriya. Wani ma'aikaci mazaunin Kano ne ya saye ta a watan Oktoba, lokacin da damina ta ɗauke kuma iskar hunturu ba ta riga ta kaɗo ba. Ranar da ya karɓe ta daga hannun dillali tana sheƙi har mutum yana ganin fuskarsa a jikin ƙofa, kuma wannan sheƙin ne ya sa ya bar wata mai ruwan toka wadda ta fi ta sauƙin kuɗi.

Gidansa ba shi da rumfar mota. Da dare tana kwana a ƙofar gida ƙarƙashin bishiyar darbejiya, da rana kuma tana wuni a filin ajiye motoci na ofis daga ƙarfe 8 na safe zuwa 4 na yamma, ba tare da inuwa ko kaɗan ba. Kowace safiya maigadin gidan, wani dattijo mai riƙe aikinsa da muhimmanci, yakan ɗauki busasshen tsumma ya kakkaɓe ta ya goge ta tas kafin maigida ya fito. Sau biyu a mako ana kai ta wurin wankin mota na bakin titi, inda ake wanke ta da omo da soso ɗaya da bokiti ɗaya da ruwan rijiyar burtsatse, sannan a bar ta a rana ta tsane kafin a bi ta da tawul. Babu wanda ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa a matsayin matsala, domin haka ake yi wa yawancin motocin unguwar.

Nuwamba zuwa Janairu: hunturun farko

A ƙarshen Nuwamba hazo ya fara sauka, kuma zuwa tsakiyar Disamba motar da aka goge da safe takan yi futu-futu da ƙura kafin azahar. Maigadi ya ƙara himma, ya koma goge ta safe da yamma. A farkon Janairu ne mai motar ya lura cewa idan rana ta bugi bonet, wasu siraran layuka masu yawan gaske suna bayyana suna kewaya hasken ranar, kuma idan ya matsa gefe sai su bi shi. A inuwa motar tana nan baƙa, amma a rana baƙin ya dusashe ya koma kamar an yayyafa masa toka. A rufi da saman but kuma akwai fararen ɗigo-ɗigo waɗanda wanki ba ya fitar da su.

Domin a fahimci abin da ya faru sai an san yadda fentin motar zamani yake. Hawa-hawa ne: akwai shafin ƙasa da ke riƙe ƙarfe ya hana shi tsatsa, sai shafin launi, sannan shafin sama wanda ba shi da launi kuma shi ne ke ba da sheƙi yana tare hasken rana. Dukansu a haɗe kaurinsu a motar da ta fito daga kamfani yakan tsaya tsakanin maikiron 100 zuwa 150, shafin sama shi kaɗai kuma wajen maikiron 40 zuwa 50 ne, wato kusan kashi 1 cikin 20 na milimita. Duk wani karce da ake gani a rana a cikin wannan siririn shafi yake. Gefen karcen yana watsa haske fari, kuma farin layi a kan baƙin fenti ba ya ɓuya, alhali a kan farar mota ko mai ruwan azurfa karce iri ɗaya da wuya ido ya kama shi.

Ƙurar da ake gogewa kuma ba gari ba ce mai laushi kamar yadda take a ido. Kaso mai yawa na hazon da ke rufe arewacin Najeriya daga Kwarin Bodele yake tasowa a arewacin Chadi, inda a zamanin da ruwan babban tafkin Chadi ya kwanta, kuma a hanya yana haɗuwa da rairayin ƙasa. A cikinta akwai ƙananan ƙwayoyin ma'adinin kwatz, wanda ya fi gilashin taga tauri, balle fenti. Idan aka ɗora busasshen tsumma a kan wannan ƙura aka ja, tsumman ne ke jan ƙwayoyin a kan shafin sama. Fararen ɗigon kuwa gishirin ƙasa ne da ke cikin ruwan burtsatse, musamman kalsiyam da magnesiyam, wanda ke zama a kan fenti bayan rana ta ƙone ruwan. A wancan lokacin mai motar bai san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Abin da ya fahimta shi ne fentin yana buƙatar a shafa masa wani abu.

Fabrairu zuwa Afrilu: gwajin kaki

A farkon Fabrairu ya je Kasuwar Ƙofar Ruwa ya sayo gwangwanin kakin mota mai kauri, wanda aka rubuta a jikinsa cewa yana ɗauke da karnauba. Karnauba kaki ne da ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya da ke fitowa a arewa maso gabashin Barazil. Bishiyar tana lulluɓe ganyenta da shi domin kada ruwan jikinta ya ƙafe a lokacin rani, su kuma manoma sukan yanko ganyen su shanya shi, su buge garin kakin ya zubo, a narkar da shi a tace. Yana cikin mafi taurin kakin da ake samu daga halitta, kuma ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 82 zuwa 86 a ma'aunin Salshiyas, alhali kakin zuma yana narkewa tun daga wajen digiri 62. Saboda taurinsa ba ya shafuwa shi kaɗai, don haka abin da ke cikin gwangwani haɗi ne na karnauba da mai da wasu kaki masu laushi da sinadarin da ke sassauta su.

Ranar Asabar da yamma aka wanke motar, aka shafa kakin a inuwa, aka bar shi ya yi fari-fari sannan aka goge. Sakamakon ya faranta masa rai ƙwarai. Baƙin ya dawo da zurfi, kamar motar tana jiƙe, yawancin layukan sun ɓace wa ido, kuma da aka watsa ruwa a bonet sai ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya ya gangare. Abokan aikinsa ma sun tambaye shi ko sabon fenti ya yi.

Ba a canza komai a tsarin wanki ba. Bayan mako biyu layukan suka fara leƙowa, kafin ƙarshen mako na uku kuma sun dawo duka, ruwa ya koma bajewa a kan bonet da rufi, ko da yake a ƙasan ƙofofi yana ɗan dunƙulewa. Abin da kakin ya yi shi ne abin da man shafawa yake yi wa busasshiyar ƙafa a lokacin ɗari: ya cike tsagogin ya ɓoye farin, amma faso yana nan a ƙasa, da an wanke ya fito. Omo kuwa an yi shi ne domin ya narkar da maiƙo daga tufafi, kuma ba ya bambanta maiƙon da ba a so da kakin da aka saya da kuɗi.

A tsakiyar Maris aka sake shafawa, wannan karon yaron wurin wanki ne ya yi aikin da tsakar rana, a kan bonet mai zafi. Kakin ya bushe nan take ya ƙi goguwa, yaron ya danna tawul da ƙarfi, aka samu sababbin karce, kuma farin saura ya maƙale a baƙar robar da ke gefen gilasai da ƙasan madubi, wanda ya ɗauki makonni kafin ya fita. A Afrilu, watan da zafin Kano yakan kai digiri 40 ko ya wuce, an yi shafi na uku cikin natsuwa kuma a inuwa, amma bai kai mako biyu ba a kan rufi da bonet. Baƙin fenti da ya wuni a irin wannan rana yana iya kaiwa digiri 70 ko fiye, har ba a iya ɗora tafin hannu a kansa. Wannan bai kai inda karnauba zalla yake narkewa ba, amma ya ishi mai da kaki masu laushin da aka haɗa shi da su su saki, su ƙafe, abin da ya rage kuma wanki ya tafi da shi.

Mayu: gwajin silant na farko

Wani abokinsa mai sha'awar motoci ne ya ba shi shawarar ya bar kaki ya koma silant. Silant ruwa ne da ake haɗawa a masana'anta daga sinadaran roba, galibi dangin silikon ko akirilik, kuma bambancinsa da kaki shi ne ba ya tsayawa a kwance kawai a kan fenti, yana kama shi, sannan ƙwayoyinsa su sarƙe da juna su yi siririn rufi mai jure zafi da sabulu fiye da kaki. Masu yinsa yawanci sukan ce yana kai wata 4 zuwa 6, sukan kuma gindaya sharuɗɗa biyu a jikin kwalba: a shafa shi a kan fenti mai tsabta wanda babu wani abu a kansa, kuma a bar shi sa'o'i 12 zuwa 24 ba tare da ruwa ya taɓa shi ba.

An karya sharuɗɗan biyu. An shafa shi a ƙarshen Mayu bayan wanki na yau da kullum, a kan ragowar kaki na shafi uku da ya maƙale a wasu wurare, kuma a daren ranar aka yi yayyafin farkon damina, irin wanda yake saukowa da ƙura ya bar laka a jikin mota. Da gari ya waye fentin ya yi dabbare-dabbare, wani wuri yana sheƙi wani wuri ya yi dishi-dishi. Abin da ya fi ɓata wa mai motar rai shi ne layukan ba su ɓuya ba ko kaɗan, sai ma suka ƙara fitowa, domin silant ba shi da maiƙon da zai cike su, sheƙinsa mai kaifi kuma yana tona abin da ke ƙarƙashinsa. A cikin makon ne kuma aka ga wani tabo mai faɗin murfin kwalba a rufi, inda kashin tsuntsu daga darbejiya ya wuni a rana, asid ɗin cikinsa ya ci shafin sama.

Mai motar ya kai ta wurin wani mai fenti, wanda ya duba ta ya ce hanya biyu ce, ko a sake fesa ta gaba ɗaya, ko a bi ta da babban injin gogewa da man gogewa mai kaifi. Mai motar ya ƙi ta farko saboda sake fenti yana karya darajar mota a wurin masu saye, ta biyun kuma ya ce zai yi tunani.

Yuni: dakatawa da shirya fentin

Matakin da ya bambanta da na baya shi ne a wannan watan ba a shafa komai ba. An samu wani mai gyaran fenti da ke da na'urar auna kaurinsa, irin wadda masu duba mota kafin saye suke amfani da ita. A bonet da rufi da ƙofofi uku na'urar ta nuna tsakanin maikiron 105 zuwa 125, wato fentin kamfani ne kuma babu rarar da za a yi wasa da ita. A ƙofar baya ta hagu ta nuna sama da 300, alamar an taɓa sake fesa ta kafin motar ta iso hannunsa. Wannan awo ne ya hana amfani da babban inji, domin duk gogewa cin shafin sama take yi, kuma abin da aka cinye ba ya dawowa.

Aikin ya ɗauki wuni guda a cikin shago mai rufi. An fara da wanki da sabulu mai ƙarfi domin a kwashe ragowar kaki da silant. Bayan haka mai gyaran ya sa mai motar ya zura hannunsa cikin siririyar leda ya shafa bonet, sai ya ji fentin da yake gani sumul yana da ƙurji-ƙurji, wato ƙaron darbejiya da kwalta da ƙurar da ta nutse. An bi motar da yumɓun roba na tsabtace fenti, ana fesa ruwan sabulu domin ya zame, har ledar ta daina kamawa, kuma yumɓun da ya fara fari ya ƙare ruwan ƙasa. Sannan aka yi gogewa sau ɗaya da ƙaramin inji da man gogewa mara kaifi sosai, wadda ta ɗauke maikiron kaɗan. Ta kawar da fararen ɗigon da yawancin siraran layukan, amma karce masu zurfi da tabon rufi sun rage, an kuma yanke shawarar a bar su domin bin su har ƙarshe zai siranta shafin sama fiye da kima. Daga ƙarshe aka goge ko'ina da sifirit da aka sirka da ruwa, saboda man gogewa ma yana barin maiƙo, kuma silant ba ya kama maiƙo.

An kuma sauya wanki tun daga tushe. An daina omo, aka sayo sabulun mota na ruwa. An tanadi bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraye soso, da tawul masu laushi na maikirofaiba, da tsumma dabam na tayoyi wanda ba ya hawa jikin mota. Kafin a taɓa motar sai an fara kwarara mata ruwa daga rufi zuwa ƙasa, wanda bai wuce rabin jarka mai lita 25 ba, ana yin wankin da sassafe ko da yamma, kuma ana tsane ta nan take. Magana da maigadi ita ce ta fi buƙatar dabara, domin dattijon yana ganin barin ƙura a motar maigida gazawa ce a aikinsa. Mai motar, wanda yake kiransa Baba, ya kai shi gaban bonet da rana ya nuna masa layukan da suka rage, ya roƙe shi ya tsaya a gilasai da fitilu kawai.

Yuli zuwa Satumba: gwada su kafaɗa da kafaɗa

Tun da kowanne daga cikin biyun ya taɓa gazawa a yanayin da ba a yi masa adalci ba, mai gyaran ya ba da shawarar a gwada su tare a kan mota ɗaya. A farkon Yuli aka raba bonet da rufi gida biyu da salatif na takarda, ɓangaren direba aka shafa kaki, ɗaya ɓangaren aka shafa silant. A saman but aka shafa silant, motar ta kwana a shago, washegari aka ɗora kaki a kansa. Ƙofofi da sauran jiki silant aka sa musu. Kowace Asabar bayan wanki ana watsa ruwa a duba yadda yake gudu, a kuma duba fentin a rana.

A makon farko ɓangaren kaki ya fi kyau a ido, baƙinsa ya fi zurfi kuma ya rufe ragowar karcen, shi kuma ɓangaren silant ya fi ƙyalli amma karce biyu masu zurfi suna nan a fili. But ya fi ko'ina kyau. Bambancin bai kai yadda mai wucewa zai lura da shi ba, sai an tsaya an ƙura ido.

Da aka daina omo, kuma gajimaren damina ya rage zafin rana, kakin ya daɗe fiye da duk lokutan baya. Sai a mako na shida ruwa ya fara bajewa a ɓangarensa na rufi, a mako na takwas kuma ya ƙare a rufi da bonet duka. Ɓangaren silant a ƙarshen Satumba, bayan kusan wata uku da ruwan Agusta, yana nan yana korar ruwa, ko da yake ƙwayoyin sun ƙara faɗi. A but zurfin baƙin ya tafi a daidai lokacin da kakin bonet ya ƙare, amma ruwa ya ci gaba da dunƙulewa saboda silant ɗin da ke ƙasa. Kashin tsuntsu ya sauka a ɓangarorin biyu a lokuta dabam-dabam, kuma wanda aka jiƙa aka ɗauke da safe bai bar tabo a ko'ina ba. Wanda ya wuni a rana a ɓangaren kaki a mako na bakwai ya bar alama.

An ga wani abu da ba a yi tsammani ba. Wata rana an ɗauraye motar da ruwan burtsatse, aka kira mai wankin, ya tafi ya bar ta minti kaɗan a rana, sai fararen ɗigo suka fito, kuma sun fi yawa a inda ruwa ya fi dunƙulewa, domin kowace ƙwaya tana tara gishirinta wuri ɗaya kafin ta bushe. Sun fita da sauƙi saboda a kan silant suka zauna, amma daga ranar aka fara tara ruwan sama a ganga domin ɗauraya ta ƙarshe, tun da shi ba ya ɗauke da wannan gishiri.

Oktoba zuwa Afrilu: hunturu na biyu da bazara

A tsakiyar Oktoba aka wanke motar, aka goge da sifirit, aka shafa silant a jikinta duka, ta kwana a rufe. Hazo ya sauka kamar yadda ya saba, motar tana yin ƙura kullum, kuma an bar ƙurar a kanta har ranar wanki, wanda ya koma sau ɗaya a mako. Abin lura shi ne yawancin ƙurar tana bin ruwan farko ta sauka tun kafin soso ya taɓa fenti. A Disamba, saboda bikin wani ɗan'uwa, an ɗora kaki a kan silant ɗin, ya yi kyau na wasu makonni ya tafi ba tare da ya ɓata na ƙasa ba. An taɓa tunanin sayen tamfol na rufe mota, aka fasa, domin rufe mota mai ƙura a wurin da iska ke kaɗa tamfol wata hanya ce ta goge ta da yashi.

A Janairu, da aka duba bonet a rana, sababbin layukan da aka samu kaɗan ne. Wuri ɗaya ya fita dabam, wato saman but, inda yaran unguwa suka yi rubutu da yatsa a kan ƙura kuma wani ya share shi da hannun riga. Silant yana wurin, amma karcen ya ratsa shi ya shiga fenti. A ƙarshen Fabrairu ruwa ya fara bajewa a rufi, wata huɗu da ɗoriya bayan shafawa, aka sabunta kafin zafin bazara. Shafin ya tsallake Maris da Afrilu, alhali a Afrilun bara kaki bai kai mako biyu ba. A wannan tsakanin an yi wa mai motar tayin rufin siramik, wani shafin kariya mai tauri wanda yake kai shekaru, amma ya bar shi saboda tsadarsa da kuma buƙatar ɗakin da ƙura ba ta shiga yayin shafawa.

Hukunci

A wannan mota, da wannan wurin ajiya, silant ne ya dace ya zama kariyar asali, kuma dalilin bai wuce zafi da tsawon lokaci ba. Motar da ke wuni sa'o'i 8 a ranar Kano tana cinye kaki cikin makonni, don haka mai son dogaro da shi sai ya shafa kusan kowane wata, kuma kowace shafawa taɓa fenti ce, taɓa baƙin fenti kuwa a garin ƙura ba ta rasa barin alama. Silant sau uku a shekara, a Oktoba da Fabrairu da Yuni, ya rufe hunturu da bazara da damina da taɓawa kaɗan. Kaki bai zama banza ba. Ya fi iya fito da zurfin baƙi da ɓoye ƙananan karce, kuma ga motar da ke kwana a gareji ba ta fita sai jefi-jefi, zai iya wadatarwa shi kaɗai. Idan za a haɗa su, silant ne a ƙasa kaki a sama, domin akasin haka shi ne abin da ya lalata gwajin Mayu.

Sai dai a ganina zaɓin tsakanin biyun bai kai sauya wanki tasiri ba, kuma wannan ne ya kamata mai baƙar mota ya fi riƙewa. Kaki guda ne ya yi mako uku a ƙarƙashin omo ya kuma yi mako shida zuwa takwas da aka daina, ko da yake sanyin damina ma ya taimaka masa. Silant guda ne ya yi dabbare-dabbare a Mayu ya kuma yi wata huɗu daga Oktoba. Daga kakin har silant ɗin, rufin da suke bari bai kai maikiron ɗaya ba, don haka ba za su iya tare ƙwayar yashin da aka danna da tsumma ba, kamar yadda saman but ya nuna a Janairu. Aikinsu shi ne su karɓi rana da gishirin ruwa da kashin tsuntsu na ɗan lokaci a madadin fenti, su kuma sa datti ya sauka da ruwa ba tare da dirza ba. Asarar da ba ta gyaru ba, wato tabon rufi da karce masu zurfi da maikiron ɗin da gogewar Yuni ta ci, duk ta faru ne a watanni tara na farko, kuma da an hana busasshen tsumma da omo tun Oktoban da aka sayi motar, da wataƙila ba a kai ga injin gogewa ba.